Gidan Zoo na Kano: Lambun da Birni Ya Kewaye

Mutumin Fagam da ya yi niyyar kai yara Gidan Zoo ranar yawon Sallah, sammako ya kama shi: ya bi ta Gwaram da Birnin Kudu, ya tsallaka gadar Wudil, kafin hantsi ya ɗaga ya shiga Kano. Kuma ba baƙo ba ne a wurin. Lokacin da aka kafa gidan, tsakanin 1971 da 1972, Fagam na cikin Jihar Kano; sai a 1991 aka yanki Jigawa.

Aikin Audu Bako ne, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Mutum ne mai son ruwa da shuka, shi ya gina madatsun Tiga da Bagauda. Ya keɓe fili fiye da hekta 40 a bayan gari, aka zuba dabbobi, aka kuma ware ɓangare na lambun itatuwa. Yau gidan sunansa yake ɗauke da shi, titin da ya bi ta gabansa kuwa kowa Zoo Road yake ce masa.

Dabbobin ne ke jan jama'a, su ne kuma ke shiga labarai. A 2019 aka yi ta yamaɗiɗin cewa goggon biri ya haɗiye kuɗin shiga kusan naira miliyan 7, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. A Oktoban shekarar zaki ya kuɓuce daga kejinsa, makwabta suka kwana da ido ɗaya kafin a mayar da shi.

Amma wanda ya shiga a watan Afrilu, rana na dukan ƙeya, abin da zai fara ji shi ne sanyin inuwa. Iyalai kan shimfiɗa tabarma a gindin itace, uwa ta buɗe kular shinkafa, yara na cewa "Baba, mu koma wajen jimina." Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi abin da ke ba da inuwar ba. Ga ɗan ƙauye, kuka da tsamiya ba abin kallo ba ne, yana da su a gona. Yaron da ya tashi a Gandun Albasa kuwa zai iya shan miyar kuka shekara goma bai taɓa ganin uwarta a tsaye ba. Su ma itatuwan da aka ɗauka 'yan gida ne, wasu baƙi ne da suka daɗe: darbejiya daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, mangwaro ma can ne asalinsa.

Bayan garin nan na da yanzu ya zama tsakiyar birni. Shaguna da gidaje sun matse katangar ta kowane ɓangare, ga katafariyar kasuwar zamani ta Ado Bayero a kan titin tun 2014. A 2020 gwamnatin jiha ta ce za ta mayar da gidan Tiga saboda cunkoso. Zaki da jimina dai a loda su a mota a yini ɗaya. Tambayar da masu adawa da shirin suka riƙa yi ita ce makomar filin da itatuwan da suka shekara hamsin a cikinsa. Wa'adin waccan gwamnati ya ƙare a 2023, gidan yana inda Audu Bako ya bar shi.