Jihar Borno: Yanayin ƙasa da yankunanta

Jihar Borno tana a kusurwar arewa maso gabashin Najeriya, kuma ita kaɗai ce jihar da ta yi iyaka da ƙasashe uku: Nijar daga arewa, Chadi daga arewa maso gabas, sai Kamaru daga gabas.

A cikin gida kuwa tana maƙwabtaka da jihohin Yobe da Gombe da Adamawa. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita kusan 70,000, wanda ya sa ta zama ta biyu a girma bayan jihar Neja.

Arewacin jihar fili ne mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, inda hamada ke ci gaba da barazana ga gonaki da wuraren kiwo.

A gabas akwai kwarin Tafkin Chadi mai baƙar ƙasa, wadda ke riƙe danshi har manoma su dasa dawar masakwa bayan damina. Tafkin, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu matuƙa sakamakon farin shekarun 1970 da 1980.

Kudancin jihar ya fi samun ruwan sama. A nan ne tudun Biu yake, da kuma duwatsun Gwoza, waɗanda wani ɓangare ne na tsaunukan Mandara.

Kogin Ngadda ne ya ratsa Maiduguri, babban birnin jihar. A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau da ke kan kogin ta ɓalle, lamarin da ya sa ambaliya ta mamaye unguwanni da dama na birnin.