TARIHI: Matuƙan jirgin saman da suka riƙa sayar da rai saboda jakar wasiƙu

Mu da ke zaune nesa da gida mun san darajar saƙo. Yau da mun danna waya sai mu ji muryar iyaye, har mun manta cewa an yi zamanin da mutane ke mutuwa a hanya don takarda ta isa hannun mai ita a kan lokaci. Wani tsohon fim na Amurka ne ya tuna mana da wannan zamani.

Sunan fim ɗin Only Angels Have Wings, wato mala'iku kaɗai ke da fukafukai. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a 1939, Howard Hawks ya ba da umarni. Cary Grant ya fito a matsayin Geoff Carter, shugaban wasu matuƙa jirgi a Barranca, wani ƙirƙirarren gari a bakin teku a Kudancin Amurka. Aikinsu shi ne ɗaukar wasiƙu su ratsa wata ƙuntatacciyar hanya tsakanin duwatsun Andes, inda hazo ke rufe ido. Kamfanin nasu na gab da durƙushewa, kuma ba zai samu kwangilar gwamnati ba sai ya cika wata shida yana kai wasiƙu a kan kari.

Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai yana farkon fim. Wani matashi mai suna Joe ya yi odar gasasshen nama, aka tura shi aiki, ya juyo cikin hazo, jirginsa ya bugi bishiya ya mutu. Da aka kawo naman, sai Geoff ya zauna ya ci, abokansa kuma suka yi kamar ba su taɓa jin sunan Joe ba. Baƙuwar da ke wurin, wadda Jean Arthur ta fito a matsayinta, ta ɗauke su marasa imani. Daga baya ta gane cewa wanda zai tashi jirgi da asuba ba shi da damar zaman makoki. Hawks ya san wannan zafi, domin ɗan'uwansa Kenneth ya mutu a karon jirage biyu a 1930 suna tsakiyar ɗaukar fim.

Garin ƙirƙira ne, amma aikin ya faru da gaske. Wani Bafaranshe mai suna Pierre-Georges Latécoère ya buɗe layin wasiƙu daga Toulouse, wanda ya kai Kasabalanka a 1919, ya kai Dakar a 1925. Shi ne daga baya ya zama Aéropostale. Jiragen na katako da yadi ne, inji ɗaya, matuƙi na zaune a fili iska na dukansa. Idan inji ya mutu a Sahara, wanda ya tsira daga faɗuwa yana iya faɗawa hannun masu neman kuɗin fansa, kamar yadda ya faru da Jean Mermoz a 1926.

Mermoz ɗin nan ne ya tashi daga Saint-Louis ta Senegal a watan Mayun 1930, ya ƙetare Tekun Atlantika da wasiƙu, ya sauka a Natal ta Brazil bayan kimanin awa 21. A watan Yunin wannan shekara, guguwar ƙanƙara ta tilasta wa Henri Guillaumet sauka a tsakiyar Andes, jirginsa ya kife. Kwana biyar ya yi yana tafiya a ƙasa cikin ƙanƙara kafin ya ga mutane. Shi kuwa Mermoz, ranar 7 ga Disamba 1936 ya tashi daga Dakar, daga nan ba a sake ganin sa ko jirginsa ba.

Me ya sa suke tashi ko da yanayi bai yi kyau ba? Kasuwa ce. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa suna tafiya dare da rana, don haka jirgin sama ba zai riƙe kwangila ba sai ya riga su isa. Jadawali ya zama gaba da ran matuƙi. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba, ko da yake ya fi karkata ga yabon jarumta.

Wannan tarihi ya biyo ta ƙofarmu. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, sannan a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartoum zuwa Kano ta Maiduguri, kafin ya miƙa layin zuwa Legas a wannan shekara.

Duk wanda ya samu fim ɗin ya daure ya kalla, ko da yake baƙi da fari ne. Idan kuma mun ga direba ko ɗan saƙo da mai gida ke matsa wa ya bi dare don kaya su isa da wuri, mu tuna da Joe da farantin namansa. Allah Ya tsare matafiyanmu.