Da Rediyo Ke Sauraren Mu

Kakana manomin gero ne a wani ƙauye na Tondikandiya, gefen Dallol Bosso. Bakurfaye ne da ya zauna cikin Zabarmawa. In ka tambaye shi yadda yini ke wucewa a zamaninsu, amsar gajera ce: asuba, hauya, fura a gona, komowa da la'asar. Daga nan dara a ƙarƙashin gawo, samari kuma su yi kokowa in akwai farin wata. Amma da ya iso ga bayan isha'i, sai ya gyara zama.

An buɗe Radio Niger a Yamai a 1958. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs. Ga yadda abin yake: mutane su taru wajen akwati guda, a saurari shiri kan noma ko lafiya ko haraji, sannan mai jagora, sau da yawa mushen lakkwal ne, ya buɗe mahawara. Ana ɗaukar muryoyin a faifai, a aika Yamai, a tace, a saka a iska. Kakana ya ce ranar da ya ji wani tsoho cikin akwatin yana cewa "na tahi" da "hwari", kamar yadda muke faɗi, kwana ya yi bai yarda ba. Ashe bakinmu ma na shiga rediyo!

A akwatin nan suka ji juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, aka ce Seyni Kountché ne, ɗan Fandu. Nan ƙasarsu. Ranar ba wanda ya taɓa dara.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Sashen Hausa na BBC, da ya soma tun 1957, ya saba wa kunnenmu da Hausar Kano, kuma ban ƙi ta ba, da ita nake rubutun nan. Amma a fadarmu ta jami'a, in na ce "hwa", sai a yi dariya a miƙo mini shayi. Ƙannena a Filinge sun fara jin kunyar bakin kakansu.

Faya-fayan nan fa, in gara da zafi sun bar su, su ne shaidar yadda talakan Nijar ya yi magana shekara sittin baya. Hutun nan na ɗauki muryar tsoho a wayata, awa biyu. Da na kunna masa, sai ya ce in ƙara sauti, maƙwabta su ji.