Rumbu da albashi: tarihin tanadin tsufa a ƙasar Damargu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tada maganar fansho, ko kuɗin magani, ko albashin malaman makaranta a Nijar, mahawarar takan tsaya ne tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago a Yamai. A cikin wannan ƙasida muna so mu dubi maganar daga wani gefe, wato daga ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram. Garin Tanut na da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Zinder a kan hanyar Agadas; Belbeji kuwa yana cikin gundumar Tanut har shekarar 2011 da aka ba shi tasa gundumar.

Tambayarmu ita ce: wa ke ciyar da mutum a Damargu idan ƙarfinsa ya ƙare? Abin da za mu nuna shi ne, tun fil azal tanadin tsufa a wannan ƙasa a kan rumbu da garke da ƴaƴa ya dogara, alhali hukuma, daga zamanin Nasara zuwa yau, ta gina nata tanadin a kan takardar albashi. Manufofin aiki da lafiya da ilimi sun sha taɓa rumbun, amma ba su maye gurbinsa ba.

1. Damargu kafin zuwan Nasara

A ƙarni na 19 Damargu ita ce ke ciyar da Abzin da hatsi. Heinrich Barth, wanda ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a Tagalal cikin watan Janairu 1851, ya lura da haka. Ayarin Kel Ewe da ke zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino da gero yake saye, kuma wani kaso mai yawa na geron daga gonakin Damargu yake fitowa. Manoman ƙasar, Dagira da Hausawa da Bugaje, suna zaune ne a ƙarƙashin inuwar manyan Abzinawa, suna ba su hatsi a madadin kariya. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin Nijar ta tsakiya, ya bayyana yadda wannan dangantaka ke aiki a shekarun fari: masu raƙuma sukan gangara kudu su zauna a kan gonakin barorinsu, har zuwa ƙasar Kano da Katsina, sai ruwa ya dawo su koma.

A ƙasar da ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 300, manomi ya san damina mai albarka ba ta zuwa a jere. Saboda haka magidanci na ƙwarai yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku da zangarniyarsa, ba ya buɗe rumbun tsimi sai wuya ta kai wuya. Maɓallin rumbu a hannun mai gida yake. Ƴaƴansa maza suna yi masa aikin gandu, su kuma su nome gayaunarsu a ranakun da aka ware musu. Tsoho ba ya roƙon abinci tun da shi ke rabo. Tsohuwa tana da awakinta da ƴar sana'arta. Makiyayi yana da dabbobin da ya ba dangi aro, irin habbanayen Fulani, waɗanda za su iya dawo masa da garke idan nasa ya mutu. Bayan waɗannan akwai zakka da ake fitarwa lokacin kaka, dami ɗaya cikin goma.

Bai kamata mu ƙawata wannan zamani ba. Hutun da wasu tsofaffi suka samu gumin bayi ne ya saya musu shi, kuma bawan da ya tsufa ba shi da rumbun kansa. Tsarin ya kare mai iyali da mai dukiya. Wanda ba shi da ɗa ba shi da gona sai sadaka.

2. Mulkin mallaka: an ɗebi rumbu, an ƙirƙiro fansho

Tawagar Foureau da Lamy ta ratsa Damargu a 1899, kuma cikin ƴan shekaru ƙasar ta shiga hannun Faransa. Abubuwa uku suka girgiza tsohon tsarin. Na farko, dokar 12 ga Disamba 1905 ta haramta cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa, ko da yake dangantakar ubangiji da bara ta daɗe bayan haka. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fataucin Tarabulus da ke bi ta Damargu ya durƙushe. Na uku, yunwar 1913-1914 da Hausawa ke kira Kakalaba, da yaƙin Kawusan na 1916-1917 da ramuwar da Faransawa suka yi bayansa, sun hallaka mutane da raƙuma, sun raunana Abzinawan da ke sayen hatsin ƙasar.

A kan wannan aka ɗora lanfo, wanda dole a biya shi da kuɗi, da kuma aikin tilas. Haraji na kuɗi ya sa manomi sayar da hatsi da kaka, lokacin da yake da araha. Aikin tilas ya ɗauke samari daga gandu. Da yunwar 1931 ta tona asirin hukuma, sai ta wajabta wa kowane gari rumbun tsimi wanda kwamanda ke da ikon buɗewa, tare da ƙungiyoyin tanadi da ake kira Sociétés indigènes de prévoyance. A nan hukuma ta gane cewa hatsi ne tanadin talaka, amma ta karɓe maɓallin daga hannun mai gida. Talakawa sun ɗauki abin a matsayin wani sabon haraji, kuma ƴan siyasar shekarun 1950 sun sami ƙuri'a da alkawarin soke shi.

Fansho kuwa ta wata ƙofa ya shigo. Tsarin da Bismarck ya fara a Jamus a 1889 an yi shi ne domin ma'aikacin masana'anta mai albashi. A ƙasashenmu, tsofaffin sojojin Faransa da ma'aikatan bariki ne suka fara ganinsa. Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas, dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952 kuma ta ba ma'aikacin Afirka haƙƙoƙi irin na takwaransa na Faransa. Nasara ce babba ga ƙungiyoyin ƙwadago, sai dai dokar ta fassara ma'aikaci da cewa wanda ke aiki a ƙarƙashin wani don lada. Manomin gandu da makiyayi ba su shiga ciki ba. Su ma tsofaffin sojojin, Faransa ta daskarar da fanshonsu da dokar 1959, ba a fara gyara ba sai bayan hukuncin shari'ar Amadou Diop a 2001.

3. Bayan ƴancin kai

Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan rabo. An kafa Caisse nationale de sécurité sociale a 1965 domin ma'aikatan kamfanoni, reshenta na fansho ya biyo baya a 1967. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu asusun, wanda aka damƙa wa CARENI da aka kafa a 2012. A Damargu waɗanda suka shiga waɗannan rajistoci su ne malamin lakwal, da ma'aikacin likita, da jandarma, da ƴan bariki, kuma da yawansu ba ƴan ƙasar ba ne. Ga manomi da makiyayi, abin da aka tanada shi ne dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa ƙasar Tanut, da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na UNCC daga 1962, da ofishin cimaka na OPVN daga 1970.

Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun nuna iyakar wannan shiri. Na biyun, da ake kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ya toshe har hanyar tsira ta kudu da kakanni suka saba bi. Tun daga nan rumbun shekara uku ya zama labari a gidaje da yawa. Gandu ya rarrabu, samari suka koma ci rani a Kano da Agadas da Arlit, wasu har Libiya da Aljeriya. Abin da tsoho ke jira ya tashi daga dami ya koma saƙon kuɗi, ikon rabo kuma ya koma hannun ɗan da ke nesa.

4. Lafiya da ilimi: wa ke biya?

Tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya kawo mahawarar cikin titi. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zangar ƙin gyare-gyaren ilimi da Bankin Duniya ya goya wa baya, kuma ƙungiyar ƙwadago ta USTN na cikin waɗanda suka kai ƙasar ga taron ƙasa na 1991. Amma sakamakon a karkara wani abu ne daban. Bisa shawarar Bamako ta 1987, dokar 1995 ta sa majinyaci biyan wani kaso na kuɗin magani, shekara ɗaya bayan karyewar darajar sefa. A Damargu wannan kuɗi daga rumbu ko daga akuyar tsohuwa yake fita.

An mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuma a 2006, bayan matsalar cimaka ta 2005 da ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram. Binciken masana na cibiyar LASDEL ya nuna jinkirin da gwamnati ta yi wajen biyan ɗakunan magani ya bar da yawansu ba magani. Abin lura a gare mu shi ne, tsofaffi ba su cikin rukunin da aka yafe wa biya a wancan lokaci.

A fannin ilimi, daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa kai, waɗanda suka zama ƴan kwantaragi, har suka rinjayi cikakkun ma'aikata yawa a makarantun firamare. Ajujuwa sun ƙaru, amma malamin ƙauye, wanda a da shi ne misalin mai fansho, ya zama mai ƙaramin lada marar tabbas. Ga uba manomi lissafin ya sauya: yaron da ya tafi lakwal an rasa hannunsa a gona, kuma takardar ba ta ƙara yin alkawarin albashi.

Matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 a ƙaramar hukumar Olelewa, cikin gundumar Tanut, ta kawo aikin albashi na zamani cikin Damargu, tare da taƙaddama kan bambancin lada tsakanin ƴan ƙasa da ƴan Sin. Ma'aikatanta suna da rajista, ƙauyukan da ke kewaye da katangarta ba su da ita. A shekarar 2011 ɗin ne kuma Nijar ta amince da manufar ƙasa ta kare jama'a, aka fara raba tallafin jika goma a wata ga gidaje marasa ƙarfi da kuɗin Bankin Duniya. Wannan tallafi na wa'adi ne, yana ƙarewa idan shirin ya ƙare, ba haƙƙi ba ne da tsoho zai iya nema a gaban alƙali.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna hukuma ta kusanci rumbun Damargu ta hanya uku: ta ɗebe shi da haraji, ta kulle shi da umarni, ta cike giɓinsa da agaji idan yunwa ta zo. Ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin asusun da za a gina haƙƙi a kansa ba. Ƙasashe kamar Namibiya da Lesoto suna biyan kowane tsoho fansho daga baitulmali ba tare da tambayar takardar albashi ba, wanda ke nuna cewa haɗa fansho da albashi zaɓi ne da tarihi ya yi, ana iya sake shi.

Ga ɗalibanmu da ke neman batun bincike, aikin da ke gaba shi ne tattara bayanan baka a Gangara da Tarka da Olelewa da Tenhiya: a wace shekara gida ya daina ajiye rumbun tsimi, wa ke riƙe da maɓalli a yau, kuma me tsohuwar da ƴaƴanta ke Libiya take ci tsakanin watan Yuni da Satumba. Tsofaffin da suka ga rumbun kwamanda da idonsu suna ƙarewa, don haka aikin ba ya jiran wata damina.