Haraji da Jangali a Ƙasar Kano: Daga Zamanin Kutumbi Zuwa Sokewar 1979

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bin diddigin haraji da jangali a ƙasar Kano, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa watan Oktoba na 1979, lokacin da gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke su. Dattawan da suka ga zamanin En'e ba sa bukatar a gaya musu mece ce takardar haraji. Amma yaran da malamanmu ke koyarwa a yau ba su taɓa ganinta ba. Abin da kawai suke ji shi ne an yi wani zalunci a da, sannan wani gwamna ya zo ya kawar da shi. Wannan gaskiya ce, sai dai akwai saura. Saurar ita ce tambayar da aka yi ta muhawara a kanta a wancan lokaci: idan an daina karɓa, da me za a riƙe makarantar firamare da ɗakin shan magani na ƙauye?

Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka kawo mana haraji ba. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa Sarki Kutumbi (1623–1648) ne ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani. Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na 'yan mata idan za su yi aure. Ɗansa Kumbari (1731–1743) kuwa ya tsananta wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa fatake suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina. Hatta malamai bai ƙyale ba. Saboda haka lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan ƙasar Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi, jangali da kuɗin gari suna cikin abubuwan da ya ambata da suna.

Duk da haka, bayan jihadi haraji bai mutu ba, domin mulki ba ya tafiya da aljihu wayam. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 a matsayin kuɗin ƙasa, kowace rijiyar marina kuma ana biya mata wuri 700 na kuɗin karofi. Ban da waɗannan ga zakka, ga kuɗin shuka, ga kuɗin rafi na masu noman rani.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Gwamna Lugga bai zo da ma'aikatan da za su isa su shiga kowane ƙauye ba, don haka ya riƙe sarakuna, ya haɗe tsofaffin kuɗaɗen nan wuri guda a ƙarƙashin dokar 1906. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, ya yayyanka ƙasar gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga cikin birni aka ce kowa ya je ya zauna a ƙasarsa. Babban aikin da aka tura su yi shi ne tara haraji. A ƙasashen da ke kewaye da birni har gonaki aka riƙa aunawa da taki, inda malaman taki ke lissafa wa kowa abin da zai biya gwargwadon faɗin gonarsa.

Daga nan sai aka kafa Baitulmali. H. R. Palmer ne ya fara gwada shi a Katsina zamanin Sarki Dikko, zuwa 1911 kuma ya bazu a sauran manyan masarautu. Wannan shi ne mafarin kasafin kuɗi a rubuce a ƙasar Hausa. Da farko ana raba abin da aka tara biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e, daga baya aka ƙara kason En'e. Sarki, hakimi, alƙali, dogari, malamin makaranta, kowa ya koma ɗan albashi, kuma albashin daga guminsa manomi da makiyayi yake fitowa. Da wannan kuɗi En'en Kano ta riƙe makarantun elementare da Asibitin Birni da gidan yari, ta kuma kawo wa birni ruwan famfo da lantarki.

To amma yadda ake karɓar shi ne ya sa talaka ya tsane shi, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya. Haraji sai da kuɗin Ingila ake biya, ba da wuri ko damin hatsi ba. Lokacin karɓa kuma kaka ce, daidai sa'ar da kowa ya kai amfanin gonarsa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Magidanci zai sayar da gero da arha don ya sami takarda, in bazara ta yi ya dawo ya saye shi da tsada, ko ya ci bashi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haraji na daga cikin abubuwan da suka tura manomi noman gyaɗa, domin ita ce ke kawo sulalla. Bugu da ƙari, jimla guda ake ɗora wa gari, dagaci da masu unguwa su rarraba ta a kan jama'a. Wanda yake da uwa a gindin murhu sai a sassauta masa, wanda ba shi da kowa a danna masa. Dattawa da dama suna ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana, ko a ɗaure shi a ƙofar dagaci, har danginsa su kawo. Jangali kuwa da damina ake bin sa. Makiyayi ya ɓoye shanu a daji, ko ya yi ƙaura cikin dare zuwa wata ƙasa, malamin jangali kuma ya rubuta abin da ya ga dama.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi. Takardar haraji ita ce shaidar zama cikakken mutum. Matafiyi yana yawo da ita a aljihu, kuma a zaɓen 1951 mai biyan haraji ne ke da ikon zaɓe a matakin farko. Wato mutum ya san akwai kuɗinsa a Baitulmali, ko da bai isa ya tambayi yadda aka yi da su ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wannan tambaya ce ta koya wa talaka ya yi. Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda ita.

Sokewar 1979

Lokacin da aka dawo mulkin farar hula ranar 1 ga Oktoba 1979, jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci jihohi biyu: Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, da Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Cikin watan nan Gwamna Rimi da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa suka ba da sanarwar soke haraji da jangali.

Masu goyon baya suka ce haraji ne da ke yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi fiye da mai hali, kuma sanda ce a hannun hakimai da dagatai don ladabtar da 'yan adawa. Masu suka kuma suka ce ƙananan hukumomi, waɗanda gyaran 1976 ya kafa a gurbin En'e, an raba su da babbar hanyar samun kuɗinsu ta cikin gida, kuma manufar ita ce a karya sarauta. A Kano PRP ce ke da rinjaye a Majalisar Dokoki, saboda haka gwamna bai sami cikas ba. A Kaduna NPN ce ke riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na kujeru. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin da gwamna ya gabatar, aka yi ta kai ruwa rana, har ta tsige shi a watan Yuni na 1981. A Kano ma dangantakar gwamnati da fada ta yi tsami. Takardar tuhumar da aka aika wa Sarki Ado Bayero ta haifar da tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda a cikinta aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad.

A ganina, dukkan ɓangarorin biyu suna da tasu gaskiyar. Sokewar ta yi daidai, domin babu hujjar da za ta halatta shanya dattijo a rana saboda 'yan sulalla. Amma abin da ya sa ta yiwu cikin sauƙi shi ne man fetur. Tsakanin 1978 da 1980 farashinsa a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau biyu, kason da jiha ke samu daga Ikko ya sa abin da ake tarawa a ƙauyuka ya zama kamar ɗigon ruwa a randa. Gwamna zai iya yafe haraji ba tare da ya rufe makaranta ko ɗaya ba. Tambayar masu suka ba a amsa ta ba, kuɗin mai ne ya lulluɓe ta.

Abin da Ya Biyo Baya

Lulluɓin bai daɗe ba. Daga 1981 kasuwar mai ta fara faɗuwa, a watan Afrilu na 1982 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya riga ya cika azuzuwa da yara, ga shi kuɗin riƙe su ya ja baya. Malaman firamare na wancan zamani, waɗanda wasunsu na cikin masu karanta wannan maƙala, sun san yadda aka riƙa shafe watanni ba albashi a jihohi da dama. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, gwamnatocin soja suka koma karɓar kuɗi a kan kowane baligi, galibi da sunan kuɗin raya ƙasa. Doka mai lamba 21 ta 1998 ma ta lissafa kuɗin raya ƙasa, wanda bai wuce naira 100 a shekara ba, cikin abin da jiha za ta iya karɓa, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi harajin shanu. Sai dai tsohon tsarin nan na hakimi da dagaci da rijistar magidanta bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne inda ake yin muhawarar. A da ana yin ta a ƙofar dagaci da zauren hakimi, tsakanin mai biya da mai karɓa. Daga baya ta koma kan rabon Asusun Tarayya. Dokar 1982 ta ba tarayya kashi 55 cikin 100, jihohi 35, ƙananan hukumomi 10. Kason ƙananan hukumomi ya ƙaru daga baya har ya haura kashi 20, amma ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Haka kuma a watan Oktoba na 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT da gwamnatin tarayya ta gabatar, sai da aka yi masa kwaskwarima kafin a sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yuni na 2025.

Jikan mutumin nan da aka shanya a rana yana biyan haraji har yanzu. Yana biyan VAT duk sa'ar da ya sayi katin waya, yana biyan kuɗin rumfa a kasuwa da kuɗin tikiti a tasha, makiyayi kuma yana biya a kara idan ya sayar da sa. Bambancin shi ne babu wata takarda guda mai ɗauke da sunansa da ta nuna jimlar abin da ya biya a shekara, kuma kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, wadda albashin malamin 'ya'yansa ke fitowa daga kasonta, ba kasafai yake jin an karanta shi ba.