Daga Sarkin Maƙera Zuwa Ƙungiyar Masu Walda: Tarihin Tsarin Sana'ar Ƙarfe a Kano

1.0 Gabatarwa

Ba yau masu aikin ƙarfe suka fara haɗa kai a ƙasar Hausa ba. Ƙungiyoyin masu walda da ake gani a birane, masu shugaba da sakatare da ma'aji, sun tarar da wani tsari wanda ya girme su nesa ba kusa ba, watau tsarin maƙera a ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka tashi daga wancan tsari zuwa wannan a Kano, ta kuma nuna abin da ya salwanta a tsakani.

2.0 Asalin Ƙira a Kano

Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya zauna a gindin Dutsen Dala, kuma zuriyarsa ce ake kira Abagayawa. Binciken masu haƙo kayan tarihi ya gano alamun narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan ƙira na cikin sana'o'in da garin ya ginu a kansu.

3.0 Tsarin Gargajiya

Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera garma da fartanya da lauje da gatari da mashi da takobi. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda suke yin awarwaro da zobe da sauran kayan ado. Sana'ar ta gado ce. Yaro yakan fara da zuga a maƙerar mahaifinsa, daga nan a ba shi masaba, sannan ya riƙi awartaki. Har kiɗansu na musamman gare su, watau dundufa.

Sarki ne yake naɗa Sarkin Maƙera, kuma aikinsa ya kasu uku. Na farko, shi ne tsani tsakanin fada da maƙera: idan ana bukatar makamai, ko mari na gidan yari, ko gyaran ƙyamaren ƙofofin gari, shi yake tara maƙera ya raba musu aikin. Na biyu, ta hannunsa kuɗin sana'a yake isa ga hukuma. Na uku, shi yake sasanta rigingimun 'yan sana'a. Da yake kowane maƙeri an san gidansu, wanda ya yi algus ya jawo wa zuriyarsa abin kunya.

4.0 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kuma abubuwa biyu suka raunana wannan tsari. Na ɗaya shi ne haraji. Da aka tattara kuɗaɗen sana'o'i cikin haraji guda wanda hakimai da dagatai da masu unguwanni suke karɓa, sai Sarkin Maƙera ya rasa babbar hanyar da yake riƙe mutanensa da ita. Na biyu shi ne isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911. Daga nan ƙarfen Turai ya yawaita, tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka fi tama araha da sauƙin samu, har narka tama ta mutu. Maƙera sun ci gaba da aiki, amma ƙarfen da suke ƙira da shi ya koma hannun 'yan kasuwa. Philip Jaggar ya yi nazarin wannan sauyi a littafinsa a kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994.

5.0 Bayyanar Walda

Yaɗuwar wutar lantarki da ginin siminti, musamman a shekarun 1970 lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa, ta haifar da bukatar ƙofofi da tagogi da tankuna da ƙarafan rufi. Wannan aiki ya faɗa hannun masu walda, waɗanda ba lalle ne su fito daga gidan ƙira ba. Gwamnatin Tarayya ta yi yunƙurin samar da ƙarfe a gida: ta kafa hukumar raya sana'ar ƙarfe a 1971, aka ƙulla kwangilar ginin masana'antar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, aka kuma buɗe masana'antun rodi a Katsina da Jos da Oshogbo a farkon shekarun 1980. Aikin Ajaokuta bai kammala yadda aka tsara ba, don haka mai walda ya dogara ga abin da ya samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa.

Bukatun da suka haɗa maƙeran dā su ne suka haɗa masu walda: samun ƙarfe, da fuskantar hukuma a kan haraji da wurin aiki, da sasanta 'yan sana'a. Bambancin shi ne, shugaban ƙungiya zaɓensa ake yi, ba naɗin sarki ba ne, kuma ƙungiya ba ta da ikon hana kowa buɗe shago.

6.0 Kammalawa

Sabon tsari ya buɗe ƙofar sana'a ga wanda bai gada ba, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai ya bar giɓi wajen tabbatar da ingancin aiki. Fartanya in ta karye, manomi yakan mayar wa maƙeri. Amma ƙarfen rufi ko na tankin ruwa in ya ɓalle, rayuka ne a ƙarƙashinsa. Haka nan harshe ya yi tasa asarar. Kalmomin aro irin su walda da rodi da waya sun zauna daram, alhali kalmomin narka tama suna ɓacewa tare da dattawan da suka san su. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin maƙera tun da sauran masu faɗa.