Tabkunan Arizona: wuraren iyo da wasannin ruwa a cikin hamadar Amurka

Arizona jiha ce a kudu maso yammacin Amurka. Tana iyaka da ƙasar Meksiko daga kudu, kuma ba ta taɓa teku ta ko'ina. Mafi yawan kudancinta hamada ce: ruwan saman da ke sauka a Phoenix, babban birnin jihar, bai cika kaiwa milimita 200 a shekara ba, wato ƙasa da rabin abin da Yamai take samu. Duk da haka, da zafi ya kama, jama'a sukan ɗaura jiragen ruwa a bayan motocinsu su nufi bakin tabki domin iyo da wasanni.

Kusan dukkan waɗannan tabkuna hannun ɗan Adam ne ya yi su. An datse koguna ne domin noman rani da ruwan sha da wutar lantarki, shaƙatawa ta biyo baya. Shi ya sa gaɓar da aka yi iyo a kanta bana za ta iya kasancewa busasshiyar ƙasa baɗi, gwargwadon ruwan da ya shigo da wanda aka sakar wa manoma da birane.

Tabkin Havasu

Shi ne ya fi suna wajen rairayin bakin ruwa. Ya samu ne daga madatsar Parker da aka kammala a 1938 a kan kogin Kolorado, a iyakar Arizona da Kalifoniya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 70, kuma daga Phoenix tafiyar awa uku ce a mota. Da yake daga cikinsa ake jan ruwa zuwa kudancin Kalifoniya da tsakiyar Arizona, ana kula da shi kada ya ja baya sosai, don haka gaɓarsa ta fi ta sauran tabkunan tsayawa wuri ɗaya.

A garin Lake Havasu City akwai tsohuwar gadar Landan, wadda aka gina a 1831 a kan kogin Thames. Wani attajiri, Robert McCulloch, ya saye ta a 1968 a kan dala miliyan 2.46, aka kwaso duwatsunta daga Ingila, aka sake gina ta, aka buɗe a 1971. Kusa da ita akwai wuraren iyo irin su London Bridge Beach da Rotary Park da Windsor Beach. Can kudu kuma akwai Cattail Cove. A watan Oktoba ne garin yake karɓar gasar duniya ta tseren babur ɗin ruwa. A nan ne kuma aka auna zafi mafi tsanani a tarihin jihar, digiri 53, ranar 29 ga Yuni 1994.

Tabkin Powell

Yana can arewa, kusa da garin Page, sama da awa huɗu daga Phoenix. Madatsar Glen Canyon ce ta tare shi. Ya soma cika a 1963, bai cika taf ba sai a 1980. Tsawonsa kusan kilomita 300 ne, mafi yawansa a cikin jihar Utah. Ruwan ya shiga kwazazzabai na jajayen duwatsu, shi ya sa aka fi yawo a cikinsa da jiragen ruwa masu ɗakuna, waɗanda iyali suke haya su kwana a ciki na kwanaki. Manyan tasoshin jirage na ɓangaren Arizona su ne Wahweap da Antelope Point. Lone Rock, inda ake kafa tanti a kan rairayi dab da ruwa, yana ɗan ƙetare iyaka a cikin Utah. A lura da agogo a wannan yanki: Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, amma Utah da yankin ƙabilar Navajo suna ƙara awa ɗaya.

Tabkunan Mead da Mohave

Tabkin Mead, a bayan madatsar Hoover da aka kammala a 1936, shi ne mafi girman ma'ajiyar ruwa a Amurka, kuma Arizona ta raba shi da Nevada. Temple Bar ne sanannen wuri a ɓangaren Arizona. A ƙasansa akwai tabkin Mohave, wanda madatsar Davis ta tare, inda masu iyo suka fi zuwa Katherine Landing kusa da garin Bullhead City. Tsakanin biyun akwai Willow Beach, wurin masu tuƙa ƙananan kwale-kwale. Ruwan wurin yana fitowa ne daga ƙasan madatsar Hoover, sanyinsa bai wuce kimanin digiri 12 ba ko a tsakiyar bazara.

Tabkunan kusa da Phoenix

A gabashin birnin, madatsu huɗu a kan kogin Salt sun jera tabkuna huɗu: Roosevelt, wanda aka buɗe madatsarsa a 1911, sai Apache, Canyon da Saguaro. Dukkansu suna cikin gandun dajin Tonto na gwamnatin tarayya. Butcher Jones a tabkin Saguaro da Acacia a tabkin Canyon wurare ne da aka keɓe wa masu iyo, kuma iyalai masu ƙananan yara sun fi son su. A ƙasan Saguaro matasa sukan hau manyan tayoyin roba su bi ruwan kogin, wani lokaci su tarar da dawakan jeji suna shan ruwa.

Arewa maso yammacin birnin akwai tabkin Pleasant. Ana cika shi da sanyi da ruwan Kolorado da ke zuwa ta wata doguwar magudana mai kilomita 541, a kuma sake shi da bazara, don haka gaɓarsa takan yi nisa sosai kafin ƙarshen zafi. Tabkin cikin garin Tempe na kwale-kwale ne. Ba a yarda da iyo a cikinsa ba sai a lokacin gasa. Masu son wuri marar hayaniya sukan nufi ƙananan tabkuna irin su Patagonia kusa da Nogales ko Roper kusa da Safford.

Wasannin da ake yi

Ban da iyo, akwai tseren babur ɗin ruwa, da zamiya a kan ruwa a bayan jirgi mai gudu, da tuƙa kwale-kwale, da tsayuwa a kan allo ana tuƙi da filafili, da kamun kifi, wanda sai da lasisin jiha. A manyan tasoshi ana samun hayar jirage da kayan wasa. Akasarin wuraren ana biyan kuɗin shiga a kan kowace mota, kuma takardar wani wuri ba lallai ta yi aiki a wani ba, domin wasu na gwamnatin tarayya ne, wasu na jiha, wasu na ƙananan hukumomi.

Lokacin zuwa

Afrilu zuwa farkon Yuni, da kuma Satumba zuwa Oktoba, su ne suka fi daɗi. A farkon bazara iska tana da zafi amma ruwa bai gama ɗumi ba. Yuli da Agusta zafi ne mai kisa: a 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Daminar jihar tana kamawa daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, da tsawa da iska mai tasowa ba zato da yamma. Guguwar ƙura da ke gabatar ruwa, irin wadda mutanen Sahel suka sani, a can ma da sunanta na Larabcin Sudan ake kiranta, habub.

Haɗurra da dokoki

Babu kada ko dorina a waɗannan tabkuna, kuma ba a ɗaukar cutar tsargiya a cikinsu. Haɗarin yana wani wuri ne. Akasarin gaɓoɓin ba su da ma'aikatan ceto, ƙasan ruwan kuma yakan zurma ba zato, tun da kwazazzabo ne aka cika da ruwa. Saman ruwa yana iya yin ɗumi alhali ƙasansa na da sanyin da ke ɗaure gaɓɓai. Iska takan kwashe jirgi ta bar wanda ya sauka iyo a tsakiyar tabki.

Dokar Arizona ta wajabta wa yara ƴan shekara 12 zuwa ƙasa sanya rigar hana nutsewa muddin jirgi yana tafiya, haka ma duk wanda ya hau babur ɗin ruwa. Jirgin da ke jan mai zamiya dole ya kasance da mutum na biyu mai sa ido, riƙe da tuta. Tuƙin jirgi cikin maye laifi ne kamar tuƙin mota. A tabkin Powell an hana tsalle daga dutsen da ya wuce mita 4.5, an kuma hana iyo a tasoshin jirage. Hayaƙin inji da na janareta yana taruwa a bayan jirgi, kuma ya sha kashe masu iyo a wurin.

A ruwa mai ɗumi marar zurfi akan samu wata ƙwayar cuta, Naegleria fowleri, wadda ke shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma a 2022 ta kashe wani yaro da ya yi iyo a ɓangaren Arizona na tabkin Mead. Toshe hanci yayin nitso yana rage haɗarin. Kwazazzabai kuma suna cika da ambaliya ko da ruwan ya sauka ne a nesa: a watan Agusta 1997 ƴan yawon buɗe ido 11, bakwai daga cikinsu Faransawa, sun mutu haka a Antelope Canyon kusa da Page. A bakin gaɓa a kula da macizai da kunamu, a kuma riƙe ruwan sha mai yawa. Masu jirage wajibi ne su wanke su, su tsiyaye ruwansu, su shanya su kafin su koma wani tabki, saboda wata ƴar halitta mai ɓawo da aka gano a Mead a 2007, wadda ke toshe bututu.

Ja da bayan ruwa

Kogin Kolorado yana shayar da mutum kimanin miliyan 40 a jihohi bakwai da Meksiko, kuma fari ya addabe shi tun shekara ta 2000. Rana kaɗai tana shanye kusan mita biyu daga saman tabkin Mead a kowace shekara. A watan Agusta 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko, aka rage wa Arizona kashi 18 cikin 100 na kasonta a 2022. A Yulin 2022 Mead ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na cikarsa, Powell kuma ya kai wajen kashi 22 a farkon 2023. An rufe mashigan jirage da dama, farin zane ya bayyana a jikin duwatsu yana nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Saboda haka hukumomin da ke kula da tabkunan suna wallafa matakin ruwa da jerin mashigan da ke buɗe a shafukansu na intanet, kuma su ake dubawa kafin a kama hanya.